Sabar adana tsofaffin fayiloli: kwafi na rarrafe, faifai ɗaya na ficewa

Aminu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana. An ɗora mini aikin haɗa sabar da za a tara tsofaffin kayan wurin aikinmu a kanta: hirarrakin da aka naɗa, hotuna, da takardun da aka yi wa sikanin. Gaba ɗaya sun kai kusan terabait 14, suna warwatse a kan faya-fayan waje irin na USB. Na sa Debian, wato wani nau'in Linux, na haɗa faifai shida masu terabait 8 kowanne suka zama rumbu ɗaya da ZFS, manhajar da ke kula da faya-fayan, a tsarin RAIDZ2 mai jure mutuwar faifai biyu, sannan na buɗe folda ta Samba domin kwamfutocin Windows su riƙa ganinta. Ram ɗin gigabait 32 ne.

Ga inda na maƙale. Kwafi ba ya wuce megabait 11 a daƙiƙa, daga kowace kwamfuta na gwada. Sannan akwai kwamfuta guda, wadda ake gyaran sauti a kanta, tana ganin foldar, tana buɗe ƙananan fayiloli lafiya lau, amma da an tura babban fayil sai ta sandare. Yau kuma na duba zpool status na tarar faifai ɗaya an rubuta masa FAULTED, wato ZFS ya fitar da shi daga aiki. Ta ina zan fara?

Usman:
Wa alaikumus salam. Faifan nan ya mutu kawai, ka cire shi ka sa sabo. Shi ne ma ke jawo maka rarrafen. Ni da ni ne ma TrueNAS, manhajar sabar ajiya da ake sarrafawa ta burauza, zan sa in huta da rubuce-rubucen umarni.

Malam Isa:
Usman, yi haƙuri tukuna. Aminu, lambar nan 11 da ka faɗa ita kaɗai ta ba da amsar matsalar farko. Layin da ke gudu a megabit 100, in ka raba da takwas, ka cire ɗan abin da kanun fakiti ke ci, abin da zai rage shi ne 11 zuwa 12. Da faifai ne ke ciwo, da gudun zai riƙa hawa yana sauka, ba zai tsaya cak a wuri ɗaya ba. Ka buga ethtool da sunan katin netwok ɗin sabar, ka turo mana layin da aka rubuta Speed.

Aminu:
Malam, ga shi: Speed: 100Mb/s. Amma katin na gigabit ne, suwic ɗin da ke haɗa kwamfutocin ma haka aka rubuta a jikinsa.

Malam Isa:
To ai kebul ne. Gigabit na buƙatar duka wayoyi takwas ɗin da ke cikin kebul su yi aiki, shi kuwa megabit 100 huɗu sun ishe shi. In waya ɗaya ta tsinke, ko ba ta matsu da kyau a kan RJ45 ba, kati da suwic ba za su yi ƙorafi ba, sai su sasanta a kan ƙaramin gudu, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa kamar ba komai. Ka samo gajeren kebul Cat5e ko Cat6 wanda aka haɗa daga masana'anta, ka jona sabar kai tsaye da suwic. In bai gyaru ba ka canza ramin suwic ɗin. Bayan nan kada ka gwada da kwafin fayil, ka gwada da iperf3 tsakanin sabar da wata kwamfuta, domin shi ba ya taɓa faifai, layi kawai yake aunawa. Ya kamata ka ga wajen megabit 940.

Don ka ga girman abin: terabait 14 a kan megabait 11 zai ci maka kwana goma sha huɗu da ɗoriya ba tsayawa. A kan gigabit mai lafiya, kwana ɗaya da rabi ne.

Injiniya Bashir:
Ƙanena, kafin a yi nisa. Faya-fayan nan shida, CMR ne ko SMR? Kuma a ina ka jona su, a madabod, wato babban allon kwamfutar, ko a kati? In kati ne, wane iri?

Aminu:
Injiniya, a madabod suke, yana da ramin SATA shida. CMR da SMR ɗin ne ban gane ba sosai.

Injiniya Bashir:
Madalla da madabod. ZFS yana son ya ga faifai ido da ido, ba ta bayan katin RAID mai ɓoye masa abin da ke faruwa ba. In wata rana ramuka suka ƙare, ka nemi katin HBA mai yanayin IT, wanda ke miƙa wa ZFS faya-fayan kai tsaye.

CMR shi ne rubutun da aka saba, kowane layi da wurinsa. Batun SMR kuwa, dabara ce ta cusa bayanai da yawa a faifai. Ana rubuta layukan ne ɗaya na hawa gefen ɗaya, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Karatu ba matsala. Amma in za a sake rubuta layi ɗaya a tsakiya, sai an sake rubuta na kusa da shi duka. Faifan na da wani ɗan fili da yake tara sabon rubutu na wucin gadi, yana gyarawa in ya sami sarari. Lokacin sake gina rumbu bayan an canza faifai, rubutu ba ya yankewa, filin nan ya cika, faifan ya riƙa jinkirin amsawa har ZFS ya ɗauka ya mutu ya kore shi. A 2020 aka yi ta hayaniya a kan wannan, da aka gano ana sayar da irinsu a matsayin faya-fayan sabar ba tare da an rubuta a kwali ba. Ka ɗauki lambar samfurin daga smartctl -i, umarnin duba bayanin faifai da lafiyarsa, ka duba takardar bayanin da kamfanin ya fitar.

Aminu:
Na duba, CMR ne duka shidan. Malam Isa kuma Allah ya saka da alheri, kebul ɗin ne. Na sa wani, yanzu Speed 1000Mb/s, iperf3 ya ba ni 938, kwafi na tafiya a 110 da 'yan kai. Sai dai kwamfutar sauti har yanzu tana nan yadda take.

Zainab:
Aminu, tambaya ɗaya. Akwai wanda ya taɓa MTU, wato iyakar girman fakitin da katin netwok ke aikawa, a sabar ko a kwamfutar nan? Buga ip link ka ga ko 1500 ne ko 9000.

Aminu:
9000 ne a sabar, Yaya Zainab. A kwamfutar sautin ma an kunna manyan fakiti a saitin katin, saboda an ce yana ƙara gudu. Sauran kwamfutocin ba a taɓa su ba.

Zainab:
Shi ke nan, mun kama ɓarawon. Ka lura da dalilin da ya sa ita kaɗai ke sandarewa. Duk lokacin da kwamfuta biyu za su fara magana ta TCP, kowacce na faɗa wa 'yar'uwarta girman fakitin da za ta iya karɓa, sai a tafi a kan ƙaramin. Sauran kwamfutocin na cewa 1500 ne iyakarsu, sabar ta bi su, lafiya. Ita kuwa ta sautin ta ce 9000, sabar ta ce 9000, suka yarda da juna, ba wanda ya tambayi suwic ɗin da ke tsakani. Shi kuma in ya ga fakitin da ya fi ƙarfinsa zubarwa yake yi shiru, ba ya aika wa kowa saƙo. Jerin sunayen folda da ƙananan fayiloli na wucewa don fakitinsu ƙanana ne. Babban fayil kuwa ya cika fakiti taf, sai ya ɓace a hanya.

Ka tabbatar da kanka. Daga kwamfutar Windows ɗin: ping -f -l 8972 sai adireshin sabar. Daga Linux: ping -M do -s 8972. Lambar 8972 ita ce 9000 bayan an cire bait 28 na kanun IP da ICMP. In bai dawo ba, amma 1472 ya dawo, magana ta ƙare. Ka mayar da duka biyun 1500.

Usman:
Amma Yaya ai asara ce. Me zai hana ya kunna 9000 a suwic ɗin kawai?

Zainab:
In suwic ɗin na karɓar saiti, zai iya. Amma me zai samu? A kan gigabit ribar ba ta wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba, ga shi ya riga ya kai 110. Ya sayi ciwon kan da zai dawo duk ranar da aka canza suwic ko aka ƙara wani a tsakani, kuma ranar mai yiwuwa ba shi ne a wurin ba. Sabar ajiya ba ta tsere da kowa.

Aminu:
An mayar 1500, ta daina sandarewa. Saura faifan. Ga abin da smartctl -a ya nuna: lamba 5 sifili, 197 sifili, 198 sifili, 199 kuwa 412.

Injiniya Bashir:
Usman, ka ga abin da ya sa ba a gaggawar binne faifai? Lamba 5 ita ce sassan da suka lalace aka maye gurbinsu, 197 waɗanda ake zargi ana jiran hukunci, 198 waɗanda suka ƙi karantuwa. Duka sifili, wato farantin ciki lafiyarsa ƙalau. Ita 199 tana ƙirga kurakuran da suka faru a hanya, tsakanin faifai da madabod. Kusan kullum kebul ɗin SATA ne, ko bakinsa bai zauna ba, ko an lanƙwasa shi da ƙarfi wajen rufe akwati.

Aminu, ka kashe sabar, ka canza kebul ɗin faifan nan. Ka gane shi ta lambar siriyal, kada ka dogara da sda ko sdb, sunayen nan na iya sauyawa in an sake kunnawa. In da su ka gina rumbun, ka yi zpool export, sannan zpool import -d /dev/disk/by-id domin ya riƙe su da sunan da ba ya canzawa. Bayan nan zpool clear, ka bari ya cike wa faifan abin da ya wuce shi, sai zpool scrub, wanda ke karanta komai a rumbun yana tantancewa. Kuma ka sani 199 ba ta komawa sifili har abada. Ka rubuta 412 a wani wuri, abin dubawa shi ne ko tana ƙaruwa.

Usman:
To na ji. Amma tunda bai gama zuba kaya ba, ni ina ganin gara ya rushe ya yi madubi-madubi, faifai biyu-biyu sau uku, kowane biyu na ɗauke da kwafi iri ɗaya. Ya fi sauri, sake gini ya fi sauƙi, kuma in wuri ya cika biyu kawai zai ƙara.

Malam Isa:
A nan kam Usman na da magana. Madubi ya fi sauƙin sha'ani.

Injiniya Bashir:
Yana da magana in sabar ta ɗaukar injinan bogi ce, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin manhaja, ko rumbun bayanai mai yawan ƙananan karatu da rubutu. Wannan kuwa ajiya ce, a rubuta sau ɗaya, a karanta jefi-jefi, kuma layin gigabit ne zai tare gudun tun kafin faya-fayan su yi gumi. Ku lissafa. Madubi uku zai ba shi terabait 24, RAIDZ2 zai ba shi 32, wanda kwamfuta za ta nuna kusan 29 saboda bambancin ƙirga da dubu da ƙirga da 1024. Wannan ƙaramin dalili ne. Babban shi ne: a RAIDZ2 kowane biyu suka mutu, kayanka na nan. A madubi, in faifai ya mutu, rayuwar rumbun gaba ɗaya ta rataya a kan abokin zamansa guda, wanda aka saya rana ɗaya, ya yi aiki adadin awoyi ɗaya da shi, kuma shi za a matsa wa karatu daga farko har ƙarshe. Kamfanoni na rubuta wa faya-fayan gida cewa ana iya samun karatu ɗaya da ya gagara a cikin bit tiriliyan 100, wato wajen terabait 12 da rabi.

Zainab:
Injiniya, da girmamawa, lambar nan iyaka ce da suke rubutawa don kare kansu, ba alƙawari ba ce cewa kowane terabait 12 sai an yi tuntuɓe. Da haka ne da kowane scrub sai ya fito da kuskure. Amma a kan hukuncin ina tare da kai, ya bar RAIDZ2 ɗinsa. Ƙorafin faɗaɗawa ma ya ragu, tun OpenZFS 2.3 da ya fito a farkon 2025 ana iya ƙara faifai ɗaya a RAIDZ da ke aiki. Sai dai ya duba wane ne a Debian ɗinsa.

Injiniya Bashir:
Na karɓi gyara, 'yata. Iyaka ce.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, aikina kula da kayan tarihi, kuma tun ɗazu ina karantawa ina jiran wani ya yi tambayar da ta fi damuna. Aminu ɗana, fayilolin da ka riga ka kwafa lokacin da layi ke yankewa, da me za ka tabbatar cewa abin da ke kan sabar shi ne abin da ke kan faifan asali?

Aminu:
Hajiya, ai ZFS na da lambar tantancewa a kan kowane ɓangare. Na ɗauka scrub zai nuna in akwai matsala.

Hajiya Rabi:
Zai nuna in abin ya lalace bayan ya shiga hannunsa. ZFS na yi wa abin da aka miƙa masa lamba ne, bai san yadda fayil yake kafin ya iso ba. In ka ba shi rabin hira, zai riƙe maka rabin hirar nan da amana shekara ashirin, kowane wata ya ce maka babu kuskure. Mu a wajenmu ba a cewa abu ya shiga ajiya sai an yi masa lamba tun yana kan faifan da ya zo da shi. Ka bi kowane faifan waje, ka fitar da lambar tantancewa ta sha256sum ta duk fayilolin ciki zuwa takarda guda. Ka kwafa. Sannan a kan sabar ka sa sha256sum -c ya bi takardar nan ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Takardar kuma ta zauna tare da kayan, duk inda za su je nan gaba ta bi su.

Akwai tsari da aka yi musamman don wannan, BagIt, wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na cikin waɗanda suka tsara shi, an fitar da shi a matsayin RFC 8493 a 2018. Ba wani abin tsoro ba ne: folda ce mai suna data da kayan ke ciki, sai takardar lambobi a gefenta, sai 'yar takardar bayani. Amfaninsa shi ne wanda zai gaje ka, ko da bai taɓa jin sunan ZFS ba, zai iya tantance kayan.

Kuma don Allah kada a goge faya-fayan wajen nan. Na san yadda ake yi, da an ga kaya sun hau sabar sai kowa ya zo yana neman a ba shi faifai ya yi wani aiki da shi.

Usman:
Hajiya ai da RAIDZ2 ko biyu sun mutu ba abin da zai faru. Ajiye tsofaffin kuma na mene ne?

Hajiya Rabi:
Usman, in wani ya goge folda bisa kuskure, a faifai nawa za ta goge? Duka shidan, a lokaci guda. In manhajar garkuwa da fayiloli ta shiga kwamfutar sauti, ta bi ta Samba ta kulle komai, haka. In wuta ta yi tsalle ta ƙona akwatin, ko ruwa ya zubo, ko aka ɗauke sabar ɗungurungum, haka. RAID maganin mutuwar faifai ne kawai, don aiki kada ya tsaya. Kwafi na biyu wani abu ne daban. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gini daban. A yanzu Aminu na da biyu in ya riƙe tsofaffin. In ya goge su, ɗaya gare shi.

Zainab:
Hajiya ta gama magana. In ƙara ta ɓangaren saiti. Ka raba wurin biyu, Aminu. Folda ɗaya ta karɓar kaya, wadda mutane ke iya rubutu a ciki. Ɗaya ta ajiya ta dindindin, wadda a Samba ka sa mata read only = yes, kai kaɗai ke matsar da kaya cikinta daga kan sabar bayan an tantance. Sannan ka kunna sinafshot na ZFS, wato hoton yadda kayan suke a wani lokaci da za a iya komawa gare shi, kullum, da sanoid ko ma cron kawai. Sinafshot ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canza, kuma kwamfutar da ke shigowa ta Samba ba ta da ikon goge shi. Ga kayan sauti da hotuna ka sa recordsize=1M, ka bar compression=lz4 a kunne. Dedup kuwa, wato dabarar cire bayanan da suka maimaitu, ko da wasa kada ka taɓa shi, ram zai cinye maka a banza. Kuma kada ka bari rumbun ya wuce kashi 80 cikin ɗari.

Kwafi na nesa: in za a sami wata ƙaramar sabar a wani gini, zfs send ta kan SSH ya wadatar, bayan turawar farko canji kawai zai riƙa aikawa. Gara ita ta nesan ta riƙa jawowa da kanta, kada babbar ta sami mabuɗin shiga cikinta.

Injiniya Bashir:
Ko kaset. Matasa na dariya in an ce kaset, amma kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO-8 na ɗaukar terabait 12 ba tare da matsewa ba, LTO-9 na ɗaukar 18. Kayan Aminu duka kaset biyu ne ko ɗaya. In ka cire shi ka sa a kabad, babu manhajar da za ta kai gare shi. Da LTFS kuma, tsarin fayil na kaset, yana buɗewa kamar faifai.

Hajiya Rabi:
Ina son kaset, Injiniya, amma a faɗa masa sharaɗin. Na'urar LTO-8 ƙarni ɗaya kawai take karantawa a baya, LTO-9 ma haka. Wanda ya ajiye kaset bai ajiye na'urar karanta shi ba, ko bai yi shirin kwashewa zuwa sabon ƙarni ba, ya ajiye roba ne. Kuma ko kaset ko sabar nesa, a riƙa ɗauko fayil daga ciki lokaci-lokaci ana gwada lambarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aminu:
Ina rubuta duka. Amma ga sabon abu. Na canza kebul, 199 ta tsaya a 412. Na fara scrub, yana cikin tafiya sai faifai biyu suka fice suka dawo, wancan na farko da na kusa da shi. A dmesg ina ganin layukan hard resetting link. Gabana ya faɗi, don biyu ne iyakar abin da rumbun zai jure.

Zainab:
Tsayar da scrub ɗin yanzu, zpool scrub -s. Kada ka rubuta komai a kai. Biyu a lokaci ɗaya, kuma maƙwabta, kuma daidai lokacin da duka shidan ke aiki tare? Wannan ba ya kama da faifai. Duba lamba 12 da 192 a rahoton smartctl na waɗannan biyun ka kwatanta da sauran huɗun. Sannan ka buɗe akwatin ka gaya mana yadda wuta ke isa gare su.

Aminu:
Na biyun nan sun fi na sauran yawa, alhali tare aka kunna su duka. Wutar kuma, akwatin wutar na da bakin SATA huɗu ne a waya ɗaya, sai aka sa 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu, aka ƙara wata a kanta. Biyun da ke ficewa su ne a ƙarshe.

Injiniya Bashir:
To ga shi nan. Lamba 12 na ƙirga sau nawa faifai ya sami wuta daga mutuwa, 192 kuma sau nawa ya janye kan karatunsa da gaggawa saboda wuta ta yanke. Faifan da ya fi 'yan'uwansa a nan, wuta ce ke kuɓuce masa. Babban faifai na jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi, ka tara shida a waya guda ta bakin da ba su kama da kyau ba, na ƙarshe ne zai sha wahala. Ka cire masu rabawan nan. Ka raba faya-fayan a kan wayoyi biyu da suka fito daga akwatin wutar kansa, uku-uku. In akwatin irin mai cire waya ne, kada ka ari wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga, jerin wayoyin ciki ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma haka ake ƙona faifai shida a daƙiƙa ɗaya. In ba shi da isassun baki, a canza shi.

Ka haɗa da UPS mai kebul ɗin USB, ka sa NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, ya kashe sabar cikin tsari in batir ya yi ƙasa.

Malam Isa:
Tunda ana gyara, adireshin sabar fa? Kada a bar shi yana yawo. Ka ɗaure shi a rauta da lambar MAC, wato lambar katin netwok ɗin, ko ka ba shi tsayayye a wajen zangon da DHCP, mai raba adireshi kai tsaye, ke rabawa.

Usman:
Ni tambayata daban ce. In shugabansu na son ya duba fayil daga gida fa? Ba sai a buɗe ƙofar 445, wadda Samba ke amfani da ita, a rauta ba? Sannan in wata tsohuwar kwamfuta ta ƙi shiga, na ga ana kunna SMB1, tsohon tsarin raba fayil na Windows.

Malam Isa:
Kai Usman! Ƙofar 445 ba ta fita intanet, ko da wa ya roƙa. Ta nan manhajar garkuwa da fayiloli WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta rauni a SMB1, ta kwantar da kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila. Samba ma tun 4.11 ya kashe SMB1 daga tushe. Mai son shiga daga nesa a yi masa WireGuard, wato rufaffiyar hanyar shiga ta VPN. Tsohuwar kwamfutar da ba ta jin komai sai SMB1, a kwashe kayanta da faifan waje.

Aminu:
An raba wutar uku-uku, scrub ya kammala, sifili a READ, WRITE da CKSUM duka, ba wanda ya fice. Na raba foldodin kamar yadda Yaya Zainab ta ce. Sai dai da na zo shiga ta ajiyar da wani sunan daga Windows, ya ƙi, yana ba ni kuskure 1219.

Zainab:
Wannan halin Windows ne, ba ya yarda mutum ɗaya ya shiga sabar ɗaya da suna biyu a lokaci guda. Buga net use * /delete, ka share abin da ya adana a ma'ajiyar kalmomin sirri, ka sake shiga. Mafi sauƙi, kowane mutum suna ɗaya, izini kuma ya bi rukuni. Kada wani ya ce maka chmod 777.

Kuma ka saita zed da smartd, masu sa ido kan ZFS da lafiyar faifai, su riƙa aiko maka da imel, ka tura na gwaji ka ga ya iso da idonka. Faifan nan na farko, da ba ka leƙa da kanka ba, wa zai gaya maka?

Aminu:
Hajiya, na dawo gare ki. Na fitar da lambobin faifan waje na farko na gwada da abin da ke kan sabar. Fayil tara sun ce FAILED, duka manyan WAV ne da aka tura daga kwamfutar sauti kafin a gyara MTU. Abin mamaki girmansu daidai yake da na asali, amma da na buɗe ɗaya, hirar na kaiwa tsakiya sai shiru har ƙarshe. Scrub kuwa bai ce komai a kansu ba.

Zainab:
Windows kan ware wa fayil cikakken girmansa tun farkon kwafi, sannan ya riƙa cikawa. Layi ya yanke, bai sami damar share guntun ba, sauran ya zama sifili. Shi ya sa gwada girma ko ƙirga fayiloli ba ya wadatarwa. Ragowar faya-fayan ka jona su a jikin sabar kai tsaye, a yanayin karatu kawai, ka kwafa da rsync, ka huta da bi ta netwok.

Hajiya Rabi:
Alhamdu lillahi da asalin na nan. Ka sake kwafe taran, ka sake gwadawa. Duk abin da aka tura kafin gyaran a bi shi, ba na kwamfutar sauti kaɗai ba.

Aminu:
Takwas sun wuce. Na taran ya ƙi kwafuwa, faifan wajen na ba da Input/output error a wuri ɗaya, yana kuma ɗan ƙara in ya kai nan. Wani a wurin aiki ya ce in sa chkdsk ya gyara shi.

Injiniya Bashir:
A'a. Chkdsk rubutu yake yi a kan faifan, kai kuma ba ka son a taɓa ko bit ɗaya a kansa yanzu. Lambar da ka fitar wa fayil ɗin nan ma ka duba, da wuya ta fita in karatun na tsayawa. Cire faifan ka bar shi ya huce. Sannan ka ɗauki hotonsa gaba ɗaya da GNU ddrescue zuwa fayil a kan sabar, kuma lallai ka ba shi fayil ɗin taswira domin in ya tsaya ya ci gaba daga inda ya kwana. Zagayen farko ka sa -n, ya kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi ya tsallake wurin ciwon. Sai a zagaye na biyu ka sa -r3 ya koma kan wuraren da suka ƙi. In ƙarar ta koma ƙwas-ƙwas a jere, ka kashe shi nan take, wannan aikin masu buɗe faifai a ɗaki marar ƙura ne. Turo mana abin da ddrescue ya nuna bayan zagayen farko, musamman layin rescued da na bad areas, kafin ka shiga na biyu.